Rijiya Ta Bayar, Wa Ke Riƙe da Gugan?

A azumin 2024, wanda ya faɗo a tsakiyar zafin Maris da Afrilu, na ga abin da ban taɓa gani ba tun da na buɗe shago a Agege. Kafin la'asar firiza biyun da ke bakin ƙofata sun zama wayam. Lemo yana nan, madara tana nan, ruwan leda ne babu. Motar kamfanin da ke kawo mana, wadda a da direbanta kan tsaya yana lallashina in ƙara ko jaka goma, sai ga shi mu ne muke tare ta tun daga kan kwana, kowa da kuɗinsa a hannu, yaron mota yana tsaye a sama yana zaɓen wanda zai miƙa wa kamar mai rabon zakka.

Wata rana, saura kaɗan a kira magariba, wani dattijo ɗan ga-ruwa ya jingine kurarsa a bakin kwata, jarka goma sha biyu cike taf, ya tako ya miƙo mini kuɗi.

"Alhaji, a ba ni mai sanyi guda biyu."

Na ce, "Haba Baba, kai da ke tura ruwa tun asuba?"

Ya yi dariya, ya waiga ya dubi kurar. "Wancan na wanki ne da wanka. Ni kaina ba na kai shi bakina."

Shekaru na yi ina ganin 'yan ga-ruwa suna sayen ruwa a wurina, amma sai ranar abin ya tsaya mini a rai. Mutum ya wuni yana turin lita ɗari uku a rana tsaka, da azumi a bakinsa, kuma in zai buɗe baki sai ya sayi rabin lita a hannun wani.

Na kawo wannan ne saboda wata magana da nake yawan ji a rediyo da gani a waya, cewa sauyin yanayi da ƙarancin ruwa sun sa kamfanonin ruwan gora a tsaka mai wuya, har ana yi musu jaje. Ban ce ƙarya ba ne. Amma wanda ya tsaya inda nake tsaye, tsakanin motar kamfani da bakin mai ƙishi, ya san labarin bai ƙare a nan ba. Duk ranar da zafi ya ƙaru, ciniki ya ƙaru. Duk unguwar da rijiyarta ta lalace, kamfani ya yi sababbin kwastomomi waɗanda ba su da damar yin fushi su daina saye. Wahalar da sauyin yanayi ke jawo wa kamfanin tana nan, zan zo kanta, sai dai ba ta kwana a wurinsa. Yana ƙulle ta cikin ledar ne ya miƙo mini, ni kuma in miƙa wa Baba mai kura.

Wanda bai san Legas ba zai yi mamakin a ce ana ƙarancin ruwa a cikinta. Ga teku ta kudu, ga tafkin da gadar Third Mainland ta ratsa, ga kogin Ogun yana gangarowa daga arewa. Ruwan saman da ke zuba a nan a shekara ya kai kusan ninki biyu na wanda Kano ke samu. Mu da muka taso inda ake ɗaga kai ana duban gabas ana jiran hadari, farkon zuwanmu mun ɗauka mun rabu da maganar ruwa ke nan har abada. Ashe ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne matatar ruwa ta Iju tana nan bayanmu. In ka hau mota daga Pen Cinema, kafin ka gama gaisawa da na kusa da kai ka isa. Gwamna Lugga ne ya buɗe ta a 1915, ana tace ruwa a tura cikin gari ta bututu. Mutanen Ikko na wancan zamani har bore suka yi a kan harajin ruwan da Turawa suka ɗora musu, suna cewa me zai sa su biya kuɗin famfo alhali ga rijiyoyinsu. Yau jikokinsu suna biyan abin da ya ninka wancan harajin sau ba adadi, ba famfon, rijiyar ma ba ta shayuwa. Daga baya an gina matatar Adiyan, ita ma nan kusa da mu, aka kuma fara kashi na biyu nata, wanda aka fi shekara goma ana cewa ya kusa. Alƙaluman da aka daɗe ana ambata su ne, in duk matatun hukumar ruwa ta jihar suka yi aiki yadda aka gina su, za su ba da galan miliyan 210 a rana, alhali garin yana buƙatar galan miliyan 540. Wannan fa in sun yi aiki ke nan, in akwai wuta, in bututun bai fashe a hanya ba. A 2016 wani jami'in Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin samun ruwa, Léo Heller, ya ce kusan mutum ɗaya cikin goma ne kawai a Legas ke samun ruwan hukuma. A gidan hayar da nake, akwai wani tsohon kan famfo a tsakar gida wanda mata ke ɗaura igiyar shanya a jikinsa. Yarana ba su san an taɓa yin sa don wani abu dabam ba.

To sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sauran mutum tara ɗin nan dole su sha ruwa, kuma a nan ne ruwan leda da na gora suka samu gindin zama.

Kada a ɗauka ni maƙiyin fiya wata ne. Da shi nake ciyar da iyalina, kuma na san abin da ake sha kafin zuwansa. Na riski zamanin ruwan ƙulli, wanda yarinya za ta hura leda da bakinta ta buɗe, ta kamfato ruwa da kofi daga bokiti ta zuba ta ƙulle. Na riski zamanin kofi ɗaya a tasha, kowa ya kafa kai ya miƙa wa na baya. Da aka fara rufe ruwa da inji, sannan hukumar NAFDAC a zamanin marigayiya Dora Akunyili ta matsa a kan rajista da lamba a jikin leda, an samu ci gaba na gaske. Allah kaɗai ya san yawan yaran da ledar Naira 5 ta tsare daga amai da gudawa. Kuma sana'ar ta ɗauki mutane ba kaɗan ba, daga mai tsaron inji zuwa yaron da ke gudu tsakanin motoci a gosulon Oshodi da roba a ka. Abin da nake ƙi shi ne yadda abin da aka fara don a rage zafi kafin famfo ya zo ya koma shi ne famfon, gwamnati kuma ta samu inda za ta fake.

Yanzu a tambaya, shi kamfanin daga ina yake samo ruwan? Hoton dutse da ƙorama da ke jikin wasu gorunan ya sa mutane na ɗauka daga wani tsauni mai sanyi aka ɗebo. Akwai irin wannan, kamar ruwan Swan da ake ɗurawa a Kerang ta jihar Filato. Amma yawancin abin da muke sha a Legas, na leda da na gora, daga rijiyar burtsatse yake, a cikin garin nan ko a gefensa, wajen Agbara da Ota da Ikorodu. Wato randar da kamfani ke kamfata ita ce dai randar da mai gidan hayarmu ya huda, ita ce wadda mai tankin da ke sayar wa 'yan ga-ruwa ya huda, ita ce ta masallaci da ta makarantar allo. Randa ɗaya ce a ƙarƙashin ƙasa, kowa ya zura tsinkensa yana zuƙa, ba wanda ya san yawan masu zuƙar, ba wanda ya san saura nawa.

Ita wannan randar ruwan sama ne ke cika ta, in ya samu ƙasar da zai nutse. A Legas kuwa mun bi ƙasar mun shafe da siminti da kwalta, fadamun da ke riƙe ruwa an cike su da yashi an yi gidaje. Sannan ruwan kansa ya sauya hali. Maimakon ya riƙa zuwa a hankali ƙasa tana sha, sai ya haɗu ya sauko rana ɗaya kamar da bakin ƙwarya. Wanda yake garin nan ranar 3 ga Yulin 2024 ya tuna yadda aka wuni ana tafkawa har hanyar hawa gada ta Iyana Oworo ta zama kogi. Irin wannan ruwan ba ya cika randa, teku yake gudu. Abin da yake bari a baya kuwa ya fi rashinsa muni: yakan cika sokawe da masai su tumbatsa, ƙazantar ta bi ta gangara cikin rijiyoyin da ba su da zurfi. A unguwanni irin namu, inda tsakanin sokawe da bohol wani lokaci bai fi taku goma ba, ba sai likita ya yi maka bayani ba. 'Yan'uwanmu na Mile 12 da Agiliti da kasuwar shanu ta Kara suna da nasu ƙarin, domin duk shekarar da madatsar Oyan ta cika aka saki ruwa, kogin Ogun a ɗakunansu yake kwana. Mutum yana tsaye cikin ruwa har gwiwa yana neman wanda zai sayar masa da na sha.

Ta ɓangaren teku kuma wata masifar ce dabam. Masana sun auna cewa tekun duniya ya ɗaga da kusan santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, kuma saurin ɗagawar yana ƙaruwa. Santimita 20 kusan taƙi ɗaya ne kawai, sai ka ga kamar ba komai. Amma ga garin da yawancinsa a kwance yake dab da ruwa, ba ƙaramin abu ba ne. Ruwan gishiri yana kwance ne a ƙarƙashin ƙasa gefe da gefe da ruwan daɗi, suna turereniya. In teku ya ɗaga, gishiri ya matso. In aka zuƙe ruwan daɗi da yawa, gishiri ya shigo ya maye gurbinsa. A Legas duka biyun ake yi lokaci guda. Je ka Lekki ko Ajah ka tambayi ɗan'uwanka mai gadi yadda ruwan gidan maigidansa yake. Gida na miliyoyi, amma in aka buɗe famfo sai ruwa ya fito ja kamar an jiƙa kanwa, ga zartsi, ga ƙarnin tsatsa, farar riga in ta shiga sau biyu ta tashi daga aiki. Wani abokina da ke gadi a can ya ce mini aikinsa na farko kowace safiya shi ne buɗe wa tankar ruwa ƙofa, na biyu kuma sauke manyan gorunan nan na lita 19. Kuma rijiyar da gishiri ya shiga ba ta dawowa don an yi damina ɗaya mai kyau.

Ba duk laifin ne na yanayi ba, kuma ba na son a riƙa rataya masa abin da hannunmu ya yi. Mutanen Baruwa da ke Ipaja sun shafe shekaru rijiyoyinsu na warin fetur saboda bututun mai da ya yoye a ƙarƙashinsu, wannan ba ruwan hadari ko rana a ciki. Garin da gwamnatinsa ke cewa mutanensa sun haura miliyan 20, ko da yanayi bai motsa ba ko kaɗan, randarsa za ta ji jiki. Sauyin yanayi ƙarin kaya ne a kan jakin da dama ya gaji. Zafin da aka yi a kudancin Afirka ta Yamma a Fabrairun 2024, daidai lokacin gasar ƙwallon Afirka a Kwaddebuwa, masu bincike sun ce ɗumamar duniya ta ƙara masa kusan digiri 4 a yadda jiki ke jin sa, ta kuma ninka yiwuwar aukuwarsa sau goma. Ni ban iya wannan lissafin ba, amma firizata ta tabbatar mini.

To ya kamfani ke yi in ruwan ƙasa ya ja baya ko ya ɓaci? Yana ƙara zurfi. Inda mai gida ya tsaya don kuɗinsa ya ƙare, kamfani ya wuce shi ya kai wani shimfiɗin ruwan na can ƙasa. In ruwan ya zo da gishiri ko ƙarfe, ya sayo injin tacewa mai matse ruwa ta cikin wata fata mai ƙananan ƙofofi, tsarkakakken ya wuce, sauran a zubar. A lura da wannan: irin wannan injin ba ya mayar da lita ɗaya ta zama lita ɗaya. Sai an jawo fiye da abin da za a sayar, kuma gwargwadon lalacewar ruwan, gwargwadon abin da za a zubar. Ke nan ranar da randar ta fi rauni, ranar ake ƙara zuƙarta. Zurfin da tacewar kuma duk wuta suke ci, wuta a Najeriya kuwa janareta ne, janareta kuma dizal. Ita ledar da gorar daga sinadarin man fetur ake yin su, farashinsu na bin dala. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 aka kuma saki Naira ta nemi matsayinta, ba abin da bai tashi ba a cikin waɗannan.

A nan ne masu ruwan suka rabu biyu. Babban kamfani, mai injiniyoyi da ɗakin gwaji da bankin da zai ba shi rance, zai shanye bugun ya ƙara kuɗi. Ƙaramin mai fiya wata na bayan layi, mai inji biyu da mota ɗaya a ɗakin da bai fi shagona ba, hanya biyu gare shi: ya rufe, ko ya fara rage aiki inda ido ba ya gani. Matatar da ya kamata a sauya wannan watan a bar ta sai wata uku. Fitilar da ke kashe ƙwayoyin cuta ta mutu a ce sai an samu sarari. Akwai wani da na daina karɓar ruwansa bayan da kwastomomi uku a rana ɗaya suka dawo mini da leda suna cewa ɗanɗanon ya sauya. Da na yi wa direbansa magana sai ya ce, "Alhaji, ruwan bohol ɗin ne ya juya tun bayan ambaliyar nan, oga yana neman kuɗin gyara." Yana neman kuɗin gyara, amma motar ba ta fasa fita ba ko rana ɗaya.

Kada kuma a ce wannan halin ƙananan 'yan kasuwar Najeriya ne kawai. A Faransa, a Afrilun 2024, kamfanin Perrier, wanda ruwansa ke kan teburin manyan otal na duniya, ya lalata kwalabe kusan miliyan 2 saboda an samu ƙwayoyin cuta irin na bayan gida a ɗaya daga cikin rijiyoyinsa bayan wani mamakon ruwan sama. Abin da ya sami rijiyar bayan layinmu shi ya sami tasu. Bambancin, can an samu hukumar da ta auna ta ce a dakata.

Mu dawo kan aljihu. Na sayar da ƙwaya ɗaya Naira 5 shekara da shekaru, har mutane suka ɗauka haka Allah ya halicce ta. Ta koma 10, ta koma 20, yau a wurare da yawa mai sanyi sai 50. Jakar da ke da ƙwaya 20, wadda a da muke saukewa a kan Naira 100 ko ƙasa da haka, ta kai 400 a hannun mai saye, wani wurin ta wuce. Ɗauki magidanci mai mata da 'ya'ya huɗu. Ko sun takaita, jaka ɗaya a rana ba ta kai musu ko'ina, lita goma ce kacal. A wata Naira 12,000 ke nan, kusan kashi ɗaya cikin bakwai na mafi ƙarancin albashin jihar Legas, Naira 85,000, wanda yawancin mutanenmu ma ba albashin suke ɗauka ba. Ba a sa na girki da wanka da wanki ba, wannan lissafin ɗan ga-ruwa ne, shi ma jarkarsa ta ninka kuɗi saboda mai tankin ya ce dizal. Ina ganin matan da a da suke sayen jaka, yanzu sai su sayi ƙwaya huɗu don jariri da mai ciki, sauran gida a sha na jarka a yi bismilla. A Yunin 2024 kwalara ta ɓarke a garin nan ta kashe mutane. Duk sanda farashin ruwa mai tsabta ya ɗaga, wasu gidaje ne ke sauka daga kansa, kuma ba a shela suke yi ba.

Akwai abin da ya sa nake ganin maganar nan tamu ce, mu Hausawan Legas, fiye da yadda muke ɗauka. Dubi sarƙar tun daga farko har ƙarshe. Wa ke tura kura a Agege da Idi-Araba da Obalende? Har Yarbawa sun ari sunan, su ma "mai ruwa" suke cewa. Wa ke bin kwata da bola da buhu a kafaɗa yana tsintar gorunan da aka yar, ya kai a auna a kilo, ko ya wanke ya sayar wa masu zoɓo da kunun aya? Yaranmu ne 'yan jari-bola, har kan juji na Olusosun a Ojota. Kuma in ka zauna da su ka tambayi abin da ya fito da su daga gida, bayan maganar tsaro, maganar ruwa ce. Damina ta yi gardama, gero bai yi ba, rijiyar gari ta ƙafe, fadamar da ake noman rani ta zama fako. Kakanninmu sun ga farin 1973, iyayenmu sun ga na 1984, Tafkin Chadi da ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya tsuke ya bar masunta da manoma a tudu. Rashin ruwa ya koro mutum daga Arewa, ya zo bakin teku, ya tarar abincinsa yana cikin rashin ruwan wasu. In da famfo na zuwa kowane gida a Legas, da Baba mai kura ba shi da aiki. Wannan ma gaskiya ce mai ɗaci da ya kamata mu faɗa wa kanmu.

Sai kuma ledar. Kowace ƙwaya da na sayar, na san inda fatarta za ta ƙare. Da ruwa ya sauko, leƙa kwatar bakin kasuwa ka gani: leda da gora sun yi cincirindo a bakin kwalbati sun toshe, ruwa ya rasa hanya ya hau titi, ya shiga gidaje, ya cika sokawe, ya ɓata rijiya, masu rijiyar su zo wurina sayen ruwan leda. Gwamnatin jiha ta hana robar zuba abinci ta soso a Janairun 2024, daga baya ta faɗaɗa hanin zuwa wasu robobin da ake amfani da su sau ɗaya, amma ta tsallake ledar ruwa da gora. Ban ga laifinta ba. Ta san in ta hana su yau, gobe garin zai kwana da ƙishi. Sai dai wannan tsallakewar ita kanta amsa laifi ce.

Ra'ayina a nan bai da wuya. Ruwan da ke ƙarƙashin Legas ba na wanda ya fi dogon bututu ba ne. Mun taso muna jin hadisin da ke cewa mutane sun yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta, muna kuma jin labarin rijiyar Ruma a Madina, wadda mai ita ke sayar da ruwanta har Sayyidina Usman ya saye ta ya bar wa jama'a. Malamai sun halatta wa wanda ya ɗebo ruwa ya zuba a mazubinsa ya sayar, don ya sha wahala a kai, shi ya sa ba wanda ke ganin laifin ɗan ga-ruwa ko mai tacewa. Ladan wahalarsa yake karɓa. Amma wanda ke jan dubban lita kowace sa'a daga randar kowa don ya sayar, adalci shi ne a san abin da yake ja. Jihar tana da hukumar da ke ba masu sana'ar ruwa lasisi. Lasisi takarda ce. Abin da nake so in gani shi ne mita a bakin kowane bohol na kasuwanci, a biya gwargwadon abin da aka ja, a sa iyaka a yankunan da gishiri ya fara shiga, kuɗin kuma a rubuta a fili cewa bututu kaza aka shimfiɗa da shi a unguwa kaza.

Na san abin da za a ce mini, don ni ma na faɗa wa kaina. Duk harajin da aka ɗora wa kamfani, a ledar zai dawo, Baba ne zai biya. Kuma wa ya tabbatar kuɗin zai zama bututu, ba zai zama wata motar rakiya ba? Wannan tsoron gaskiya ne, shi ya sa nake cewa kada a taɓa magidancin da ya haƙa bohol don iyalinsa da maƙwabtansa. An taɓa yunƙurin irin haka a dokar muhalli ta 2017, mutane suka yi ca, kuma suna da hujja: ba ka kawo wa mutum ruwa ba, ba ka da bakin cajinsa don ya nema wa kansa. Haka ma masu fafutukar hana a miƙa hukumar ruwa ga 'yan kasuwa, ina tare da su a kan cewa wanda riba ce gabansa zai fara kai bututu Ikoyi ne kafin ya tuna da Agege. Amma barin abin yadda yake shi ma haraji ne, muna kuma biyan sa kullum, hamsin-hamsin, ba rasit. Gara wanda za a iya tsayawa a tambayi inda ya tafi.

Mu kuma namu shugabannin, sarakunan Hausawa na unguwanni da shugabannin kasuwanni, in 'yan siyasa sun zo neman ƙuri'a ana zaman maganar rumfuna da filin Idi da kamen 'yan acaɓa. Ban taɓa jin an zauna an ce a ba mu famfon unguwa ba, irin mai kai shida da mace za ta je da bokitinta. Ban ji an nemi a yi wa 'yan ga-ruwa rajista a nuna musu tankunan da aka gwada ruwansu ba, alhali su ne bututun da rabin unguwar ke sha ta cikinsa. Ana ganin maganar ruwa ƙarama ce, ta mata da yara.

Baba mai kura yana nan, har yanzu yakan jingine a bakin kwatata. Kwanakin baya na ga ya zo da jarka takwas maimakon goma sha biyu, na tambaye shi ko jiki ne. Ya ce a'a, tankin da ya saba ɗiba ne ruwan ya fara ja da baya, injin sai ya yi ta tari kafin ya kawo, mai gidan ya ce sai an ƙara zurfi. Yanzu sai ya tsallaka layin dogo zuwa wani tankin, ga hawa a hanyar, ƙafarsa ba ta iya turo goma sha biyu.

"To Baba, ka ƙara kuɗi mana."

"Na ƙara, Alhaji. Matan suna ta faɗa da ni."

Ya zaro hamsin daga aljihun gaba, ya ce a ba shi guda ɗaya.